3.4 Sharhi a Kan Amfani da Ƙididdiga Wajen Gano Hanyoyin Fataucin Jega

Colin Renfrew (1977) ya nuna cewa yawan haja yakan ragu gwargwadon nisanta daga inda aka samo ta. Wannan ra'ayi ya dace da kayan dutse, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa. Amma a ƙarni na 19 kasuwar Jega ta bunƙasa ne da goron Gwanja da gishiri da tufafi. Goro yakan ruɓe, gishiri ya narke, tufa ta zama ƙasa. Saboda haka, wanda ya dogara ga ƙirgar abin da aka haƙo kaɗai zai rage wa Jega matsayinta. A ganin mai wannan bincike, wajibi ne a haɗa ƙididdiga da bayanan fatake, kamar yadda Lovejoy (1980) ya yi.