Moɗar Azurfa a Sikandinebiya: Abin Sha Ne, Asusu Ne

A ƙarni na 17 da na 18, manomi mai hali a Norwe ko Suwidin kan juya rarar dukiyarsa ta koma moɗar azurfa. Ranar biki ya fito da ita gaban baƙi, ranar tsanani ya kai ta jingina. Wannan matsayi na dukiyar ajiya shi ya tsara kusan komai a jikinta.

Dubi babbar moɗar giya mai murfi da maƙeran Denmak da Norwe suka yi fice a kanta. Jikinta miƙaƙƙe ne, tana tsaye kan ƙafafu uku masu siffar 'ya'yan rumman. Saman mariƙinta akwai ɗan zaki, da an danna shi da babban yatsa sai murfi ya ɗaga. Tsakiyar murfin sau da yawa tsabar kuɗi ce aka dasa, an zana haruffan sunan miji da mata a gefe. Daga ciki kuwa an jera 'yan ƙusoshi daga baki zuwa gindi, domin moɗa ɗaya ke zagaya jama'a: kowa ya sha zuwa ƙusa ta gaba, ya miƙa wa na kusa. Salon ya ƙetare teku har York ta Ingila, inda John Plummer ya riƙa ƙera irinta a shekarun 1650.

Tun da kuɗi ce, dole a san wanda za a riƙe in an samu algus. Shi ya sa Kopenhagen ta Denmak ta fara buga wa azurfa hatimin hasumiya uku a 1608. Bergen ta Norwe, wadda ƙungiyar maƙeranta ta kafu a 1568, ƙwallaye bakwai take bugawa. Suwidin ta kawo hatimin gwamnati mai kambi uku a 1754, sannan daga 1759 ƙasar gaba ɗaya ta ɗauki tsari guda na harafin shekara. Kusa da waɗannan hatimai ake samun haruffan sunan maƙeri.

A nan masu tara kayan tarihi kan yi kure, su ɗauki haruffan nan a matsayin sa hannun wanda ya yi aikin. Alhali lamuni ne na mai maƙera cewa azurfar ta cika. Bugu da gogewa galibi aikin barori da almajiransa ne, kuma in ya rasu matarsa kan ci gaba da tafiyar da maƙerar.

Abin da ya iso mana ma ragowa ce. Tsohon yayi akan narka shi a ƙera sabo, kuma a 1816 Norwe ta ɗora harajin azurfa don kafa babban bankinta, gidaje da dama suka biya da kofuna da cokula. Don haka mai auna gwanintar maƙeran wancan zamani da abin da ke gidajen tarihi ya tuna cewa kayan da iyalai suka ƙi rabuwa da su ne kawai a gabansa.