Mama Nas da Ɗaurin Gyambo

A ƙasar Safana, inda manomi ke yini da fartanya, makiyayi kuma ke ratsa ƙayar dajin Rugu, rauni a ƙafa abin yau da kullum ne. Abin gudu shi ne ya rikiɗe ya zama gyambo, wato mikin da ke shafe watanni bai rufe ba. A kan ɗaurin gyambo aka san marigayiya kakarmu, wadda Kirista da Musulmi duk ke kira Mama Nas.

Ta koyi jinya a asibitin kutare na Babbar Ruga, kan hanyar Katsina zuwa Batsari, wanda a lokacin 'yan mishan na SIM ke riƙe da shi tun shekarun 1930. Kuturta tana kashe jijiyoyi, har mutum ya taka ƙusa bai sani ba, don haka dole mai jinya ta gano da ido abin da ƙafar ba ta ji. Daga baya ta auri soja, ta bi shi bariki-bariki, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma ya ƙara mata sanin rauni. Da ya yi ritaya suka dawo gida, ta ci gaba da aikin a tsakar gidanta.

Kafin ta taɓa kowa, sai tukunya ta hau wuta. Almakashi da hantsaki za su tafasa minti 20, kuma ba ta fara ƙirga sai ruwan ya soma tafarfasa. A gefe tana haɗa ruwan wanki: cokalin shayi biyu na gishiri, a shafe, cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. Wannan awo ya yi kusa da gishirin jikin mutum, shi ya sa yake wanke miki ba tare da ya ƙona shi ba. Sannan ta cuɗa hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta bi ƙarƙashin farce ɗaya bayan ɗaya, ta sunkuyar da kai ta yi gajeriyar addu'a.

Tsohon bandeji idan ya manne, ba ta fizgarsa. Jiƙa shi take yi har ya saki da kansa, domin sabon naman da ya tsiro jiya yana iya bin sa. Takan duba abin da ya fito, ta shinshina. Sai ta kama auduga da hantsaki, ta share daga tsakiyar mikin zuwa gefe, shara ɗaya ta jefar, ta ɗauki wata. Audugar da ta taɓa gefe ba ta komawa tsakiya.

A nan gwanintar take, wajen karanta mikin. Ja mai damshi da ƙananan ƙwayoyi alamar warkewa ce. Rawaya mai yauƙi mataccen nama ne, sai an kawar da shi. Da bayan hannu take jin zafin fatar da ke kewaye, ta laluba matsematsi ko akwai kaluluwa. Aidin a bakin miki kawai take shafawa, don yana cin sabon nama. Takan karya tsinke daidai faɗin mikin ta ajiye, bayan mako ta sake gwadawa, tsinken ne zai faɗi gaskiya.

Naɗi daga wajen yatsu yake farawa ya yi sama, kowane zagaye ya rufe rabin na baya, a idon sawu kuma ya gitta kamar lamba 8. Yatsun a waje take barinsu. Sai ta danna farce ya yi fari, ta saki. In jini bai dawo nan take ba, ɗaurin ya matse, sai ta warware ta sake daga farko.

"Malam, ɗora ƙafar nan a kan turmi, gona ba za ta gudu ba," takan ce wa mai mikin idan ta gama ɗauri.

"To, Mama, an ji."

Akwai masu fasa kafso su barbaɗa, su ɗaure da tsumma, ba za a sake dubawa ba sai wari ya tashi. Ita kuwa kowace safiya sai an kwance an wanke, ran Lahadi ma da an tashi sujada take ɗora tukunyarta. Ta kuma san iyakarta. Idan ta ga jan layi yana hawa ƙafa, ko zazzaɓi, ko haƙora sun fara sarƙewa, ko mai mikin yana da ciwon sukari, takarda take rubutawa a wuce asibitin Dutsin-Ma ko Katsina a ranar.

Matan zumuntar coci da ta koya wa aikin suna nan suna yi a ƙauyukansu. Ranar da ta rasu kuwa, cikin masu zuwa gaisuwa akwai dattawan da suka riƙa ɗage wando suna nuna wa jikoki tabo, kowa yana faɗin shekarar da ta ɗaure masa.