Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Airstream ta 1965 da Doguwar Hanyar Kai Ta Gida

A cikin duk abin da ɗan Adam ya ƙera domin matafiyi, ban ga na biyun tsohuwar tirelar Airstream ba. Da bakin wanda ya gani nake magana, domin na saya, na ɗaura ta a bayan mota, na ja ta fiye da kilomita 3,000 daga jihar Arizona har zuwa gidana a Ohayo, kuma wallahi da za a ce in koma in sake, da gobe da asuba zan kama hanya.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, gida ce sukutum a kan tayoyi. Ba ta da inji, mota ke jan ta. A ciki akwai gadon kwana, da murhun gas, da firji, da tankin ruwa, da makewayi, da wurin zama. Irin waɗannan gidajen tafi-da-gidanka sun cika titunan Amurka, amma galibinsu fararen akwatuna ne masu kusurwa huɗu, kowanne kamar ɗan'uwansa. Ita kuwa Airstream tun daga nesa za ka gane ta: doguwa, mulmulalla, ba kusurwa ko ɗaya a jikinta, an lulluɓe ta da alminiyam mai ƙyalli, an ɗinke shi da dubban ƙananan ƙusoshi masu dunƙulen kai, jere reras, irin ɗinkin jikin jirgin sama.

Kamar da ta yi da jirgi tana da asali. Wally Byam, mutumin da ya kafa kamfanin, an haife shi a jihar Oregon a 1896, kuma tun yana saurayi ya yi kiwon tumaki yana kwana a cikin amalanke, can ya ɗanɗani daɗin gidan da ke tafiya da mai shi. Ya fara ƙera tireloli a Los Angeles, yana kuma sayar da zanen yadda mutum zai haɗa tasa da kansa. A 1936 ya fito da samfurin Clipper mai jikin alminiyam, bisa salon da Hawley Bowlus ya fara, shi kuwa Bowlus yana cikin waɗanda suka kula da ƙera jirgin da Charles Lindbergh ya ƙetare tekun Atlantika da shi a 1927. Hikimar masu jirgi ce aka sauko da ita kan kwalta: abu ya zama mara nauyi, mai ƙarfi, iska ta zame ta jikinsa ta wuce. Akwai wani shahararren hoto na 1947 inda ɗan tseren keken nan na Faransa, Alfred Letourneur, yake jan Airstream da kekensa. Duk sanda na kalli hoton nan sai na ji daɗi ya rufe ni.

Byam bai tsaya a ƙira ba, sai da ya fita da kayansa duniya ta gwada su. A 1951 ya ja ayarin masu tirela zuwa Meziko da Amurka ta Tsakiya. A 1959 kuma ya yi abin da har yau masoya Airstream ke ba da labarinsa: tirela 41 suka tashi daga Cape Town suka nufi Alƙahira, suka ratsa Kwango da Yuganda da Kenya, suka hau duwatsun Habasha inda Sarki Haile Selassie ya karɓe su, suka bi ta Sudan, suka iso gindin dalar Fir'auna a 1960. A wancan zamanin yawancin hanyar laka ce da rairayi da gadojin katako. Duk Bahaushen da ya san tarihin fatake zai gane wannan tsari nan take: ga madugu a gaba, ga ayari a baya, ana yada zango tare, ana tashi tare, in na wani ya kafe kowa ya sauko a tura. Bayan haka, a 1969, da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka dawo daga duniyar wata, a cikin wata Airstream da aka gyara musamman aka killace su a kan jirgin ruwan Hornet, ta tagarta Shugaba Nixon ya yi musu barka da zuwa. Ka ji gidan da tawa ta fito.

Tawa samfurin Safari ce ta 1965, tsawonta ƙafa 22, aksul ɗaya, nauyinta kimanin tan ɗaya da rabi. A wajen garin Phoenix na same ta, kuma da gangan na nemi ta can. Babban abokin gabar tsohuwar tirela shi ne ruwa. Alminiyam ba ya tsatsa, amma ƙarfen da ke ɗauke da ita daga ƙasa yana yi, kuma daɓenta na katako ne, in ruwa ya samu kafa ya shiga sai ya ruɓar da shi a ɓoye. A hamadar Arizona ruwan sama kaɗan ne, ba a kuma zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara kamar yadda ake yi a jihohin arewa. Saboda haka tirelar da ta tsufa a can takan tsufa da mutuncinta.

Mai ita wani dattijo ne da ya gaje ta daga mahaifinsa. Da ya buɗe mana ƙofa, ni da babban ɗana, sai muka tsaya muna kallon ikon Allah. Kabad-kabad ɗin katako na asali suna nan, murfinsu na rufuwa da ɗan sauti mai daɗi. Murhun yana nan, fitilun suna nan, labulen ne kawai rana ta cinye. Babu taku ɗaya da aka yi asararsa a cikin ɗakin nan: kujerar zama da rana ita ce gado da dare, ƙarƙashinta ma'aji ne, tebur yana naɗewa ya ba ka fili. Ɗana ya shafa bango ya ce, "Baba, wannan fa ta girme ka, amma ko gezau." Na ce masa, "Ai aikin da aka yi da niyyar ya daɗe, haka yake."

Son abu ba ya hana bincike, kuma binciken ma wani daɗi ne. Na ɗauki tocila da sukudireba na bi gefen daɓen kaf, musamman bakin ƙofa da ƙarƙashin tagogi da bayan makewayi, ina dannawa ko zan ji laushi. Ƙalau. Na kwanta a ƙasa na leƙa ƙarfen gindinta. Na hau bamban baya na ɗan girgiza, ina duba ko gangar jikin za ta rabu da ƙarfen, domin wannan ciwo ne da akan samu a dogayen da suka sha ruwa. Shiru. Na duba lambar jikinta ta yi daidai da ta takardar mallaka, don in babu takarda ba za ka iya yi mata rajista ba. Sannan muka yi ciniki, muka tafa.

Kafin ta taka titi sai da muka yi mata hidimar tafiya. Tayoyin suna da sauran zane, amma taya tana tsufa ko ba ta gudu, kuma a gefen kowace akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Muka sa sababbi har da safaya. Muka kwance boris, muka wanke, muka cika da sabon giris. Muka gwada birkinta na lantarki, wanda ke karɓar umarni daga wata 'yar na'ura a gaban direba. Muka daidaita wayarin fitilu, saboda jerin wayoyin zamanin da ya sha bamban da na motocin yanzu. Muka rufe tukunyar gas har sai an duba bututunta a gida. Sai kuma babban sirrin ja: nauyin da ke sauka a kan mahaɗar mota ya kasance tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar. In ya gaza haka, wato kaya sun taru a baya, sai ta riƙa kaɗa wutsiya a kan hanya, kuma wannan shi ne abin da ke kifar da mutane. Muka tura kaya masu nauyi gaba, muka ɗaura sandunan raba nauyi da sarƙoƙin tsaro, muka yi addu'ar tafiya, muka ce bismillah.

Jarrabawar farko ba ta jira ba. Daga Phoenix zuwa Flagstaff hawa ne daga kimanin mita 330 zuwa sama da mita 2,000 a cikin 'yan sa'o'i, daga ƙasar dogayen itatuwan ƙaya zuwa dajin fayin mai sanyi. A nan na fara ƙaunarta da gaske. Tana bin mota kamar an haife su tare. A kwana tana kwanciya, a gangara in na sauke giya na taɓa birki sai in ji ta riƙe kanta, ba ta turo ni. Na kalli madubi na gan ta tana sheƙi a baya, sararin sama da duwatsu duk sun fito a jikinta, sai na kama kaina ina ta hamdala.

Daga Flagstaff muka juya gabas a kan babbar hanya mai lamba 40, wadda ta bi sawun tsohuwar hanyar 66 da aka buɗe a 1926 tsakanin Chicago da gaɓar Kalifoniya, aka kuma soke lambarta a 1985. Duk inda guntun tsohuwar hanyar ya rage mai kyau, sai mu sauka mu bi shi, don a kan irinsa tirelar nan ta yi ƙuruciyarta. Muka tsaya a dajin da itatuwansa suka zama duwatsu. Muka ratsa jajayen tsaunukan Niyu Meziko, muka wuce Albuquerque, muka isa Tucumcari da magariba, lokacin da fitilun tsofaffin masaukai ke kunnuwa kala-kala suna rawa a jikin alminiyam.

Arewacin Teksas ne ya nuna mini dalilin wannan siffa tata. Fili ne shimfiɗe ba itace ba tudu, iska na bugowa daga gefe ba sassauci, manyan motocin dakon kaya na wucewa suna turo tasu guguwar. Na ga fararen akwatunan nan a gabana suna tangaɗi, direbobinsu na kokawa da sitiyari. Tawa kuwa iska ta rasa inda za ta kama, sai ta bi ta kan mulmulallen bayanta ta tafi. Hannu biyu a sitiyari, gudu bai wuce kilomita 90 a awa ba, zuciya a kwance. A kwarin Palo Duro kusa da Amarillo muka yada zango, muka tashi da asuba ganuwar jan dutse na kewaye da mu.

Wannan gudun na kilomita 90 kyauta ce da tirelar ta ba ni. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ke jan gida ba ya tsere da kowa, don haka yana ganin ƙasa. A kowace tsayawa mukan zagaya ta, mu taɓa cibiyar taya mu ji ko ta yi zafi, mu duba mahaɗa da sarƙa, mu ƙara ɗaure notin ƙafa. Ɗana ya koyi tsayawa inda zan gan shi a madubi yana ba ni hannu lokacin ribas, ni kuma ina riƙe ƙasan sitiyari ina kai hannu ɓangaren da nake so bayanta ya nufa. Hirar da muka yi da yaron nan a hanya, mun daɗe ba mu yi irinta ba.

Ga Musulmi matafiyi a Amurka kuwa, wannan ɗaki ni'ima ne. Wanda ya taɓa neman abincin halal a ƙauyukan Oklahoma, ko ya rasa wurin alwala mai tsabta a gidan mai, zai fahimce ni. Ga ruwanmu a jarka, ga tukunyar shinkafa da wake da mai da yaji a kan ƙaramin rishon da muke kunnawa a waje, ga kilishin da uwargida ta ƙunsa mana. Lokacin salla ya yi, mu faka, mu duba alƙibla, mu shimfiɗa darduma tsakanin gado da murhu, mu yi ƙasaru cikin natsuwa. Ba ka roƙon kowa wuri, ba ka bin idon kowa.

Sai kuma mutane. Ban taɓa tsayawa shan mai ba tare da wani ya matso ba. Tsofaffi su ce kakansu yana da irinta, yara su leƙa fuskarsu a jikinta suna dariya, masu Airstream 'yan'uwana su kunna mini fitila daga ɗaya hannun titin. Mutanen da a wata rana za su wuce ni ba ko sallama, sai ga shi muna tsaye ana labarin iyali. Daga Oklahoma City muka bi ta Tulsa muka hau tuddan Misuri, muka hango wani gini mai siffar baka mai tsayin mita 192 a St. Louis, shi ma yana ƙyalli, muka haye kogin Misisifi, muka miƙe cikin gonakin masarar Ilinoi da Indiyana.

Da muka shiga Ohayo, kafin mu nufi gida sai da muka ratse zuwa Jackson Center, ɗan ƙaramin garin da ake ƙera Airstream tun 1952. Har gobe da hannu ake ɗinke su, mutum biyu a kan kowace ƙusa, ɗaya a waje yana bugawa, ɗaya a ciki yana tarewa. Na faka tawa kusa da sababbi fil, kuma da a ce ba ka sani ba, sai ka rantse 'yan shekaru kaɗan ne tsakaninsu. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni. A zamanin da ake yin kaya don su lalace a sayi wasu, ga abin da aka yi don a gyara shi: in falle ɗaya ya lotse, a cire ƙusoshi a sa wani, in aksul ya gaji, a kwance a ɗaura sabo, in fatar ta dushe, a goge ta har ka ga fuskarka.

Tana da tsada, tana cin lokaci, goge ta kaɗai aiki ne na mai haƙuri, kuma kowace damina sai ka bi bakin tagogi ka toshe kafar ruwa. Duk na yarda, kuma duk ta cancanta. Ɗan'uwa, in Allah ya hore maka kana zaune inda ake samun su, nemi wadda daɓenta ke da lafiya da takardarta a hannu, ka sa mata sababbin tayoyi, ka cika boris da giris. Kada ka biya kowa ya kawo maka ita a bayan babbar mota. Ɗauki ɗanka ko ƙaninka ku je ku jawo ta da kanku, ku bi doguwar hanya, domin a tafiyar nan ce za ta zama taka.