Masu Renon Wardi a Tudun Jos

Wardi shuka ce mai ci. Daga ranar da aka datse reshe zuwa ranar da sabon fure zai buɗe, mako shida ne zuwa takwas, kuma ruwa da sinadaran da zai yi wannan aiki da su daga ƙasa yake janyowa. Shi ya sa a lambunan fulawa na Jos, inda tudu ya haura mita 1,200 kuma sanyin dare ya karɓi wardi, gwanin mai lambu ya fi daɗewa a tsugune a gindin shuka fiye da a tsaye da almakashi.

Takin gida shi ne tushe. Kashin shanu ko na awaki, amma wanda ya yi watanni a juji, ya yi baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu. Ɗanyen kashin kaji ga ƙarfi ga ɓarna, don zafinsa kan ƙone saiwa kafin ya amfane ta. Saiwoyin da wardi ke sha da su sirara ne, kusa da saman ƙasa suke, saboda haka gwani ba ya saran gindi da fartanya. Barbaɗawa yake yi, ya ɗan cuɗa da yatsu.

Na zamani kuwa, NPK 15-15-15 ɗin nan da manoman masara suka sani ya wadatar: cikin tafin hannu ɗaya ga babbar shuka, a zagaya da shi daidai inda inuwar ganye ta ƙare, a kan ƙasa mai danshi, sannan a bi da ruwa. Lokacinsa bayan datsa ne, da kuma bayan kowane zubin fure. Yuriya, wadda kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, da tsoro ake taɓa ta. In ta yi yawa sai ganye ya yi luf-luf, darɓa ta sami wurin zama, fure ya ƙaranta.

Inda masu renon wardin suka fi burge ni shi ne karatun ganye. Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara rawaya, yunwa ce, a ƙara taki. Idan kuwa sabbin toho ne suka koɗe, jijiyoyinsu na nan kore shar, to sau da yawa an zuba toka fiye da kima. Toka na da amfani, tana ba da fotashiyam, sai dai tana kashe ɗan tsamin ƙasa da wardi ke so, wajen 6 zuwa 6.5 a ma'aunin pH, kuma da tsamin ya tafi saiwa ba ta iya jan sinadarin ƙarfe. Ɗan koyo ganin rawaya kawai yake yi, ya ruga ya ɗebo buhu, ya ƙara wa Barno dawaki.

Sai lulluɓe gindi, aikin da mai wucewa zai ɗauka shara ce aka tara. Ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa, busasshen ganye, ko ciyawar da aka yanka tun ba ta yi 'ya'ya ba, a shimfiɗa kaurin santimita 5 zuwa 8. Da hunturu da bazara, shimfiɗar na hana iska da rana shanye ruwan da aka ɗauko da wahala. Da damina aikinta daban ne. Cutar baƙin ɗigo tana kwana a ganyen da ya zube, ruwan Agusta ya doki ƙasa ya fantsamo ta kan ganyen ƙasa-ƙasa, daga nan ta hau sama har shuka ta yi tsirara. Don haka sai an share zubabben ganye an ƙone kafin a yi sabuwar shimfiɗa, wadda ke tare fantsamar.

Ba a yarda shimfiɗar ta taɓa kara. Ana barin fili kamar faɗin tafin hannu, musamman a wardi mai aure, don laima a mahaɗar nan ruɓa take kawowa. Garin katako ɗanye ma ba a cuɗa shi da ƙasa, yakan ƙwace naitirojin yayin da yake ruɓewa. Ga kuma gara, wadda littattafan lambun Ingila ba su da labarinta. Ita kan bi busasshen abu ta iso gindi, shi ya sa wasu ke gauraya ganyen darbejiya a ciki, kuma a kai a kai sai an ɗaga shimfiɗar da hannu an duba ko ta fara gini.