Hoto a Inda Ka So Shi: Kariya ga LaTeX

Ƙorafin da masu sukar LaTeX suka fi nanatawa shi ne wai mutum ba shi da iko da shafinsa: ka sa hoto a shafi na uku, ya ɓulla a na biyar. Sai su ce gara Word, inda ake jan hoto da linzami a dire shi ko'ina. Wannan hukunci ne na wanda ya tsaya a zaure ya ce ya ga gida.

Donald Knuth ya fito da TeX, manhajar tsara shafukan rubutu, a Jami'ar Stanford a 1978, Leslie Lamport ya ɗora LaTeX a kansa a shekarun 1980. Da gangan aka bar hotuna da jadawali suna yawo, don kada gindin shafi ya zauna fayau. Mai son hana yawon, harafin H na ƙunshin float ya ishe shi.

Amma gwanintar tana cikin TikZ, ƙunshin zane na Till Tantau, a umarni biyu: overlay da remember picture. Na farko yana sa TeX ya ɗauka zanen ba shi da tsawo balle faɗi, don haka ko layi ɗaya na rubutu ba zai gusa ba. Na biyu ya fi ban sha'awa. Lokacin da TeX ke jera sakin layi, bai san inda zai sauka a takarda ba, sai an yanke shafi. Saboda haka a zagaye na farko na sarrafa rubutun yakan rubuta matsayin zanen a wani fayil mai suna aux, a na biyu ya karanta. Daga nan takardar kanta ta zama abin aunawa. Ka ce tambarin jami'a ya zauna santimita 2 daga kusurwar dama ta sama, nan zai zauna, ko an ƙara babi goma. Kana iya jan kibiya daga wata alama cikin lissafi zuwa bayaninta a gefen shafi, in alamar ta matsa kibiyar ta bi ta. Ƙunshin textpos yana dasa rubutu a wuri, amma jan irin wannan kibiya kam ya fi ƙarfinsa.

Masu cewa zagaye biyu ɓata lokaci ne, su duba daidaiton da aka samu. Ƙaramin ma'aunin TeX shi ne sp: guda 65,536 ke yin poyin ɗaya, poyin 72.27 ke yin inci ɗaya. Wane hannu ne zai kai nan da linzami?

Ni dai abin da na riƙe shi ne, matsayin da aka rubuta da lamba ilimi ne da ake gada. Ɗalibi ya buɗe fayil ɗin malaminsa, ya ga lambar, ya fahimci dalili, ya gyara. Wanda aka ja da hannu kuwa ba ya barin sawu. Mai shirya kundin digiri ko mujalla, ka koyi umarnin nan biyu kafin ka yanke wa LaTeX hukunci.