Ɗanwake da Masu Raina Shi

Akwai maganar da ta fara zama ruwan dare a bakin masu koyar da girkin zamani, musamman masu shirya 'yan mata kafin aure. Wai ɗanwake bai kai a kira shi girki ba, kwaɓi ne kawai a jefa a ruwa, abin da ko 'yar shekara goma za ta yi. Girkin da suke ganin ya isa a fitar wa baƙo shi ne wanda ake murza fulawa, a yanka, a zuba nama a ciki, a liƙe baki, irin su samosa da mitfai. Har akan kafa hujja da abincin wasu ƙasashe, kamar piyerogi na mutanen Polan, wanda shi ma a tafasasshen ruwa ake dafa shi, a ce su sun cusa wa nasu abu a ciki, namu kuwa dunƙulen gari ne babu komai a cikinsa. Ban yarda da wannan hukunci ba. Wanda duk ya yanke shi bai taɓa tsayawa a gindin murhu ya kalli hannun macen da ta iya saki ba.

Tarihin abin ba mai tsawo ba ne a faɗa. Wake namu ne tun asali, a Afirka ya samo tushe, kuma har yau babu ƙasar da ta kai Najeriya noma shi, sai Nijar da ke bin bayanta. Kuka tana bakin ƙofa. Wanda ya bi hanyar Katsina ta Kurfi zuwa Dutsin-Ma zai ga itatuwanta tsaye a gonaki, an aske musu ganye. Kanwa fatake ne suka daɗe suna kawo ta daga Borno da ƙasar Manga. Rogo baƙo ne, Turawan Fotugal suka kawo shi gaɓar Afirka daga Kudancin Amurka a ƙarni na 16, sannan ya hauro Arewa a hankali. Fulawar kamfani ita ce autarsu. Ke nan kowane zamani ya sa hannu a cikin garin ɗanwake, amma wake da kuka da kanwa su ne asalinsa. A ƙasarmu ta tsakiyar Katsina, inda ake shuka wake a tsakanin kunyoyin gero da dawa, kayan haɗin, ban da kanwa, duka daga gona ɗaya suke fitowa, har da gyaɗar da za a matse mai da ita.

A kwaɓi aikin yake farawa, kuma a nan ne masu raini ba su duba ba. Garin alkama yana da danƙo nasa na halitta. In ka zuba masa ruwa ka murza, da kansa zai haɗe, ya miƙe, ya yarda a shimfiɗa shi kamar takarda. Garin wake ba shi da wannan ko kaɗan, haka ma na dawa. Kwaɓa su da ruwa zalla ka jefa a tukunya, kunu za ka kwashe. To yaya aka yi iyayenmu mata suka sa garin da ba ya haɗewa ya dunƙule, ya shiga tafasasshen ruwa ya fito da ƙirarsa? Da kuka suka yi. Yauƙin kuka ne ke riƙe garin, rogo ya ba shi santsi da taushi, kanwa kuma ta tayar da yauƙin, ta sa waken ya nuna da wuri, ta ba shi wannan launi mai duhu da muka sani. Aikin da alkama ke yi ita kaɗai, abu uku aka haɗa suka yi shi a nan, kuma kowane ɗaya yana da iyakar da in aka wuce ta an ɓata tukunya.

Kanwa ce ta fi wuyar sha'ani. Ana jiƙa ta tun da wuri, a bari ta narke, yashin ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman. Ba a auna ta da cokali, domin wannan ungurnu ya fi wancan ƙarfi, jar kanwa kuma halinta daban. Mai kwaɓi launi take kallo. Tana zuba ruwan kanwar kaɗan-kaɗan tana juyawa da hannu, garin yana sauyawa daga fari-fari zuwa kore mai duhu, ita kuma ta san inda za ta tsaya. In ta yi yawa, ɗanwaken ya yi baƙi, ya yi ɗaci-ɗaci da warin sabulu, ya kuma ɓata ciki. In ta yi kaɗan, sai ya fito da tauri, a gutsura a tarar da gari a tsakiya, wanda ya ci ya wuni da kumburin ciki. Yawancin masu cewa ɗanwake yana da nauyi irin wannan suka ci. Masu maye gurbinta da bekin foda suna samun kumburi, amma ba sa samun ɗanɗanon, domin kanwa tana cikin daɗin ɗanwake kamar yadda take cikin na tubani.

Kaurin kwaɓin ma haka. Ana son ya fi ƙullun ƙosai ƙarfi, amma kada ya kai tuwo. In an ɗebo shi ya biyo hannu da ɗan ja, ya tsinke da kansa. Wasu kan rufe shi ya ɗan huta kafin ruwa ya tafasa, kuma ina tare da su, don kukar takan ƙara sakin jiki.

Sai saki, ko jefawa, wanda a ganina shi ne zuciyar wannan girki. Ruwa yana tafasa fal-fal a tukunya mai faɗi. Ƙwaryar kwaɓi tana gefe, ga ɗan kwanon ruwa na tsoma hannu. Mai saki ta jiƙa yatsunta, ta ɗebo kwaɓi, ta tsakuro da babban yatsa da na kusa da shi, ta sake shi dab da fuskar ruwa don kada ya fantsamo mata, hannun ya koma kafin na farkon ya kai ƙasan tukunya. Ba ta kallon hannunta. Tana iya hira, tana iya tsawata wa yaro, amma guda ɗari za su fito kamar a ma'auni aka zuba su. Wannan daidaito ba na ado ba ne. In wani ya fi wani girma, ƙananan za su narke kafin manyan su nuna. Sauri ma dole ne, domin in sakin ya ɗauki lokaci, na farko ya dahu na ƙarshe yana ɗanye. Sannan ba ta jefawa wuri guda; zagaya tukunyar take yi, don kada su hau kan juna su manne. Mai naɗin samosa tana da damar ta warware ta sake naɗewa. Mai saki ba ta da wannan dama, abin da ya bar hannunta ya tafi ke nan.

Da farko sukan nutse. Jim kaɗan sai su fara tasowa ɗaya bayan ɗaya, kumfa kore ta biyo su tana neman bakin tukunya. Wadda ba ta sani ba a nan take yin kuskure biyu: ko ta rufe tukunya ruf kumfar ta kashe mata wuta, ko ta ɗauka tasowa ita ce nuna ta kwashe. Tasowa rabin tafiya ce. Sai an bar su sun yi ta juyi a saman ruwa, ana yayyafa ruwan sanyi ko ana sheƙa kumfar da ludayi, sannan a tsamo ɗaya a raba shi biyu a duba. In cikinsa da bayansa launi ɗaya ne, ya yi. Daga nan a tsame cikin ruwan sanyi, wanda ke wanke yauƙi da ragowar kanwa, ya kuma ɗaure jikin ɗanwaken ya ba shi wannan 'yar tsayawa a ƙarƙashin haƙori. Yanzu na ga wasu na zuba kwaɓi a leda su huda gefe su riƙa matsawa. Yana fitowa, amma siriri yake fitowa, bayansa sumul, mai ba ya samun wurin zama. Na hannu yana da 'yan lotsawa da sawun yatsa, kuma a cikin waɗannan lungunan ne mai da yaji suke maƙalewa.

To, a dawo kan piyerogi, tunda da shi aka auna mu. Abinci ne mai daraja a wurin masu shi, yana cikin wani tsohon littafin girki da aka buga da harshensu a 1682, kuma birnin Krakow na yi masa biki duk watan Agusta. Sukan murza kwaɓin alkama, su yanka shi da'ira-da'ira, su zuba dankali da cuku, ko nama, ko kabeji mai tsami da naman kaza, su ninke kamar rabin wata, su dafa a ruwa har ya taso, sannan su zuba masa albasa soyayya a man shanu ko kirim mai tsami. Duba ƙarshen da kyau: tasowa a ruwa, mai, soyayyar albasa. Hanyarmu ce sak. Bambancin shi ne su fatar ba ta da wani ɗanɗano na kirki, mazubi ce, shi ya sa dole a cika ta. Ɗanwake kuwa jikinsa shi ne abincin. Waken da wani zai dafa ya cusa a ciki, mu mun riga mun niƙe shi a cikin garin. Kuma su kansu mutanen Polan suna da irin namu, kwaɓin da ake ɗiba da cokali a jefa a ruwa, Jamusawa ma suna da shi, babu kuma wanda ya ce ba girki ba ne. Iyali biyu ne, masu naɗi da masu saki. Auna ɗaya da ma'aunin ɗaya rashin sani ne kawai.

Mahaɗin ɗanwake a waje yake, kuma gajere ne: mai da yaji. Man gyaɗa na gida, a soya shi da albasa har ta yi ja, ko man shanu daga hannun matan Fulani, wanda ni na fi so. Yajin kuwa barkono ne da gishiri da ƙuli-ƙuli, da ɗan abin ɗanɗano, a daka su lukui. Kowa ya zuba gwargwadon bakinsa, ya juya, ya sa tsinke. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Zobe a 1983 kayan lambu ba baƙi ba ne a Dutsin-Ma, kuma zuwan Jami'ar Tarayya a 2011, a kan Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke nan tun da, ya cika garin da ɗalibai masu neman karin kumallo mai riƙe ciki da araha. Masu sayarwa suka bi abin da kasuwa ke so: tumatir, kabeji, kokwamba, dafaffen ƙwai, har da miyar attaruhu. Ba ni da faɗa da yankan tumatir da albasa. Abin da ke damuna shi ne tulin kayan da ake yi har sai an tona kafin a ga ɗanwaken, domin na lura yawanci inda ado ya yi yawa, akwai abin da ake rufewa.

Abin da ake rufewar shi ne garin. Mafi yawan ɗanwaken da ake koyarwa yau fulawa ce zalla da kuka da kanwa. Dalilin a fili yake. Fulawa ba ta buƙatar surfe da shanya da kai niƙa, ba ta wargajewa ko a hannun wadda ba ta iya ba, ga wake ya yi tsada, musamman a shekarun nan da rashin tsaro ya hana manoma da yawa a Kurfi da Safana da Batsari isa gonakinsu na nesa. Ban ga laifin uwar da ta ciyar da 'ya'yanta da abin da hannunta ya kai ba. Laifin na masu koyarwa ne da suka mayar da abin lalura ya zama shi ne asali, sannan suka juyo suna cewa abincin ba shi da fasaha, alhali su suka cire fasahar. Ɗanwaken fulawa sulɓi gare shi da danƙo kamar taliya, ba shi da ƙamshin wake, ba shi da ɗan gardin nan na dawa, kuma in ya huce sai ya zama roba. Ta fuskar gina jiki ma ba a haɗa su. Wake da hatsi kowane yana cike giɓin ɗan'uwansa, ganyen kuka kuma yana kawo nasa amfanin, shi ya sa manomi kan ci kwano ɗaya da safe ya kai azahar a gona. Fulawa da mai ba za su yi masa wannan ba.

Saboda haka in za a yi wa ɗanwake gata, daga wurin mai niƙa za a fara. A surfa wake a cire ɓawon, a shanya ya bushe ƙayau. A samo busasshen rogo fari wanda bai yi fumfuna ba, a farfasa shi a turmi don kada ya wahalar da inji. Kowane gida da nasa awon. Ni na fi yarda da tiya ɗaya ta wake, ɗaya ta rogo, rabin tiya ta farar dawa, in kuma ana son ƙarin laushi a sa ɗan alkama ta gida a niƙa tare. A tabbatar mai inji ya share bakin injinsa, kada garin ya kwaso yajin wanda ya riga shi. A tankaɗe, a baza ya sha iska kafin a rufe, kuma kada a niƙa fiye da abin da za a cinye cikin 'yan makonni, don garin wake ba ya jure ajiya. Kukar a zaɓi koriya shar, wadda aka shanya a inuwa, a zuba ta ranar kwaɓi.