Kwamfuta ta "ɗanɗana" giyar Beljiyam 250: ɗanɗano ta koya ko suna?

A watan Maris na 2024 mujallar Nature Communications ta fitar da wani bincike daga ɗakin gwajin Kevin Verstrepen na jami'ar KU Leuven da ke Beljiyam, jaridu kuwa suka ɗauke shi da zafi, wai ƙirƙirarriyar basira ta koyi ɗanɗano. Masu binciken sun tara giya iri 250, suka auna siffofin sinadarai sama da 200 a kowace, suka sa horarrun masu ɗanɗano su ba da maki, sannan suka kwaso ra'ayoyin mashaya sama da 180,000 daga shafin RateBeer. Duk wannan suka zuba wa kwamfuta don ta koyi hasashen wacce mutane za su so. Ko giya ba ta gabanka akwai abin ɗauka a nan, don tambayar ta shafi duk abin da ake kaiwa baki: za a iya karanta daɗi daga jerin sinadarai?

Aikin yana da kyau, amma yana da rauni, kuma raunin ya fi fitowa a kan baƙaƙen giyar nan masu ƙarfi da ake dangantawa da gidajen zuhudu na Kiristoci.

Su waɗannan iri biyu ne. Akwai na 'yan ɗariƙar Trappist, waɗanda ake dafawa a cikin gidan zuhudu ƙarƙashin kulawar masu zuhudun, irin su Westmalle Dubbel mai barasa kashi 7, da Chimay mai shuɗiyar alama mai kashi 9, da Rochefort 10 mai kashi 11.3. Akwai kuma na kamfanoni da suka ari sunan wani gida kawai, kamar Leffe da ke hannun AB InBev. Masu shan su kan ce suna jin zabibi, da dabino, da ɓaure, da ayaba, da kanumfari, da wani abu kamar mazarƙwaila. To, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a tukunyar. Galibi ruwa ne, da tsiron sha'ir, da furen hof mai ɗaci, da sukari, da yis.

Ayaba da kanumfari aikin yis ne. Idan aka ba shi ruwan tsiro mai kauri a wuri mai ɗumi, yana fitar da sinadarin aisoamil asitet, wanda shi ne ƙamshin nunanniyar ayaba. Kanumfarin kuma daga asid ɗin ferulik da ke jikin hatsi yake, yis ne ke juya shi zuwa wani sinadari mai wannan ƙamshi. Yawancin yis ɗin giya sun rasa wannan iyawa tun tuni, amma da yawa daga na Beljiyam sun riƙe ta. Shi kuwa duhun launi da ɗanɗanon zabibi daga wuta suke: idan sukari ya haɗu da gutsattsarin furotin a cikin zafi sai su yi ja, su yi ƙamshi. Louis-Camille Maillard ne ya bayyana wannan a 1912, kuma shi ne dai abin da ke faruwa a bayan tsire da ɓawon burodi. Ana samun sa a tsiron da aka gasa da danshinsa, da kuma baƙin ruwan sukarin da ake ƙarawa. Abin mamaki, sukarin nan ba zaƙi yake ƙarawa ba. Yis ya cinye shi kusan tas, ya bar barasa da launi, shi ya sa abin ke da ƙarfi amma ba ya kauri.

Yanzu mu koma ga lissafin. Da aka horar da kwamfutar da makin RateBeer, ta iya bayyana kusan kashi biyu cikin uku na bambancin yadda ake son giya. Da aka horar da ita da makin ƙwararru, waɗanda ba su san me ke cikin kofin ba, ba ta kai kashi ɗaya cikin goma ba. Wannan tazara ita ce babban sakamakon binciken a ganina, amma ba ita aka sa a kanun labarai ba. Masu binciken sun ce ƙwararrun ba su da yawa, kuma kowa da abin da ransa ke so. Haka ne. Sai dai akwai wata fassarar da ita ma ta zauna daram: mai rubutu a RateBeer yana riƙe da kwalbar, ya ga suna, ya san farashi, ya karanta yawan barasa, ya kuma ga makin da na gabansa suka bayar.

Ɗauki Westvleteren 12. A 2005 shafin ya ce ita ce ta fi kowace giya a duniya. Ba a cika samun ta a kanti ba, sai an yi rajista an je ƙofar gidan zuhudun, an ba ka ɗan abin da ya samu. Wanda ya sha wannan wahala, da wuya ya dawo ya ce bai ji daɗi ba. Kuma masu yawan rubutu a irin wannan shafi an san su da son mai ƙarfi. Ga shi cikin abubuwan da kwamfutar ta fi dogaro da su har da barasa kanta da etil asitet, wanda ke ƙaruwa idan ruwan tsiro ya yi kauri. Kun ga ke nan tana iya yin daidai ba tare da ta san komai kan daɗi ba. Ya ishe ta ta gane cewa wannan mai ƙarfi ce, daga dangin da ake girmamawa. Marubutan sun ambaci tasirin farashi da iri a kan makin, wannan kam a yaba musu, amma ambato ba ya cire matsalar daga cikin lissafi.

Akwai kuma iyakar na'ura. Mai rarrabe ƙamshi tana karanta abin da ke tashi a iska ne. Manyan jajayen sinadaran da gashi ke haifarwa ba sa tashi, kuma kwalbar da aka rufe da yis a ciki tana ci gaba da sauyawa, ta wata uku daban da ta shekara uku. Awo ɗaya hoton rana ɗaya ne.

Inda binciken ya fi ƙarfi shi ne da suka bar kwamfuta suka koma kofi. Sun ƙara sinadaran da ta nuna, har da gilisarol da asid ɗin da ke sa nono tsami, a cikin giya mai hasken launi da kuma marar barasa, masu ɗanɗano suka fi son wadda aka ƙara wa ba tare da sun san wacce ce ba. Wannan hujja ce ta gaske, don ta wuce "abu biyu suna tafiya tare" ta kai ga "na ƙara, ya sauya". Amma abin da ta tabbatar shi ne ana iya cike giɓin abin sha mai rauni, ba wai an gano abin da ya bambanta Rochefort da Chimay ba.

Ɓangaren marar barasa ne ya fi kusa da mu. Lemon malt irin su Maltina daga ruwan tsiro ne da ba a bari ya zama giya ba, kuma tun da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 masana'antu suka juya ga dawa. Dawa na da nata sinadaran, nata ƙamshin idan ta sha wuta. Hanyar Leuven za ta yi aiki a kansa, amma sai an auna lemon namu, an kuma tara maki daga masu shan sa a Kano ko Maraɗi, a kofin da ba a rubuta sunan kowa a jiki ba.